Mma Ashetu Mai Ba Ciyawa Ruwa

Duk wanda ya saba bi ta Gurugu da sassafe a tsakiyar rani ya san abin da zai gani a gindin wata doguwar katanga. Wata tsohuwa siririya, ɗankwali ɗaure har gira, tana tafe a sunkuye tsakanin gwangwanayen tumatir da ta jera sahu-sahu, da moɗa a hannunta. Kowane gwangwani ta zuba masa ruwa kaɗan, ta taɓa ƙasar da yatsa, ta wuce na gaba. Sun haura sittin, ni na ƙirga su. Kowanne an ɗaura masa ƙyalle a wuya, wani atamfa, wani shadda, wani yadin kayan makaranta. Abin da ke tsirowa a ciki ba tumatir ba ne, ba barkono ba ne. Ciyawa ce, irin wadda manomi ke wuni yana tsine mata.

A watan da famfon Tamale ke ɗaukewa, mata suna layi da jarkoki tun daga asuba, ita wannan baiwar Allah ruwan da ta wanke shinkafa da wanda ya zuba daga alwalarta take tarawa a kwano ta kai wa ciyawa. Yaran unguwa sun sa mata suna Mai Ba Ciyawa Ruwa. Manya ba sa faɗa a gabanta, amma suna faɗa. Ni ma na faɗa, har na ƙara gishiri, Allah ya yafe mini.

Sunanta Mma Ashetu. Sana'arta shiƙa da bakacen shinkafa. Ni kuma sunana Abdulgafaru, tela ne ni a Aboabo, ina noma da damina kamar yadda na gada. Ba rubutu ne aikina ba. Abin da ya sa na ajiye almakashi na ɗauki alƙalami shi ne na ji ƴaƴanta sun yanke shawara bana ta huta, domin yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma yana bin sahu. Hankalina bai kwanta ba tun da na ji. Na ga gara a yi mata jinjina tana raye tana ji, kafin mu yi irin tamu, mu jira sai an shimfiɗa tabarmar makoki sannan kowa ya tuna alherinta.

Idan ka tambaye ta shekarunta sai ta ce ranar da aka sauke tutar Bature aka ɗaga tamu ta isa ɗaukar tulu daga rafi. Ba da daɗewa ba gwamnatin ƴancin kai ta buɗe manyan gonaki a nan arewa, aka kawo taraktoci, aka ce yunwa ta ƙare. Uwarta ta shiga cikin matan da ke shiƙa a ɗaya daga cikin gonakin nan, ita kuma tana biye da faifai. A can ta ga abin da ya zauna mata a rai har yau. Akwai wani malamin gona da ba ya yarda a shuka iri sai ya ƙirga ƙwaya ɗari, ya naɗe su a jiƙaƙƙen buhu, ya jira kwanaki ya ga nawa suka tsiro. Leburori suna yi masa dariya, suna cewa mutum da buhu dubu a sito yana wasa da ƙwaya ɗari. Shi kuwa sai ya ce a tambayi iri tun yana gida, kada a bari sai ya je gona ya ba da amsa. Gonakin nan sun mutu, taraktocin sun yi tsatsa a daji, amma maganar ta rayu a kan yarinyar da ba wanda ya lura tana saurare.

Shekara sama da hamsin ke nan tana bin masussukai a fadamar da muke noma, can yamma da gari. Ba buhun da za a ɗinke bai bi ta faifanta ko na matan da ta koya wa ba. Mu masu gona hatsi muke kallo. Ita abin da ya faɗi gefe take kallo, ƙaiƙayi da tsakuwa da ƴaƴan ciyawa. Ta kan ɗebi dattin masussuka a tafin hannu ta gaya maka gonar wane ce, ta kuma gaya maka ko malalaci ne.

Da maganin feshi ya cika kasuwa, muka jingine fartanya. Wa zai ga laifinmu? Aikin da mutum goma ke yi a mako, mutum ɗaya da tanki a baya ya gama kafin azahar. Akwai wanda muke kira kondem, mai ƙone komai kafin shuka. Akwai kuma wanda ake fesawa bayan shinkafa ta fito, ya kashe ciyawa ya bar ta. Mun ji daɗinsa shekaru. Sai Mma Ashetu ta fara lura ƴaƴan wata ciyawa da muke kira sabe suna ƙaruwa a faifanta, a gonakin da ta san an yi musu feshi. Sabe kuwa tun tana ƙarama ba ka bambanta ta da shinkafa, sai ta fitar da kai, lokacin ta riga ta shanye takinka. Ta faɗa wa maza, maza suka ce mace mai faifai me ta sani game da magani. Ba ta ja da kowa ba. Ta fara ƙulle dattin kowace gona a ƙyalle daban, tunda ba ta rubutu, ƙyallen ne sunan mai gonar a wurinta. Rani na yi sai ta shuka su, kowace gona gwangwani huɗu. Idan ciyawar ta yi ganye uku sai ta kira Wumpini mai feshi, ya rufe hanci da baki, ya auna magani daidai yadda aka rubuta, ya fesa wa gwangwani uku magani iri uku. Na huɗun ba a taɓa shi, shi take kira mai shaida. Bayan mako biyu ta kira mai gonar shi kaɗai, ta nuna masa wane magani ne har yanzu ke cin ciyawarsa, wanne ne zai zama asarar tafiya. Ba ta taɓa faɗa wa wani sakamakon wani ba.

Ƙyallayen nan daga shagona take tsinto su. Shekara bakwai tana zuwa Aboabo ta durƙusa ƙarƙashin teburina tana zaɓa, ni kuwa ina tsokanarta, ina cewa Mma, ciyawar ma sai an yi mata ɗinkin salla? Ta yi murmushi ta ce, “Ɗan Alhaji, yi ɗinkinka.” Ban san akwai shuɗiyar shadda da ta ware mini ba.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa ba ni da bakin tsokana.

Mahaifina Alhaji Awudu baƙo ne a ƙasar Dagomba. A shekarar ƴancin kai ya je gaban mai ƙasar ƙauyen da fadamar take, da goro a ƙwarya, aka ba shi eka shida. Ba takarda, ba sayarwa. Magana ɗaya aka yi masa: ƙasa aro ce, ya ci ya bar maƙwabcinsa ya ci, ranar da gonarsa ta cuci ta kusa da ita ya ɗauki fartanyarsa ya tafi. Da gonar nan aka ciyar da mu goma sha ɗaya. Yau ma ita ce tuwon gidana, da na ƙanwata da mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar. Ɗinki a wannan zamani na gwanjo ba ya riƙe gida ko wata uku.

Ban da ƙasar, Alhaji ya bar mana iri. Wata shinkafa ce mai gajeren kara da ƙamshi, ya zo da ita a ƙulli, ya yi ta zaɓenta shekara da shekaru har mutane suka sa mata irin Alhaji. A fadamarmu ba a sayar da iri tsakanin maƙwabta, abin kunya ne. Wanda gonarsa ta yi kyau shi ke bai wa na kusa da shi kwano ɗaya ko biyu don albarka, a karɓa da hannu biyu, a zuba cikin nasu irin. Alhaji bai taɓa fashi ba, ni ma ban taɓa ba. Ina alfahari da abin, har na kan sa babbar riga ranar rabo. Kuma da yake irin albarka ne, daga masussuka ake ɗebe shi da ɗuminsa a ƙulle bakin buhu, ba a bari ya bi ta faifan kowa, wai kada albarkar ta bi iska. Haka muka taras, haka muka yi.

Shekaru huɗu da suka wuce sabe ta fara tsallake feshi a gonata. Kaɗan ne a lungun gabas. Na ce Wumpini ne ya yi sauri. Shekara ta zagayo, suka ƙaru. Aka ce a zuba murfi uku a tanki, na zuba biyar. Shinkafar ta yi ja kamar ta sha wuta, sabe ta ɗan sunkuya kwana uku ta miƙe. Na koma kasuwa na ce a canja mini, aka ba ni wata kwalba mai koren tambari maimakon mai jan murfi da na saba. Ita ma haka. Ban gaya wa kowa ba. Na girbe abin da ya samu, na sa babbar rigata, na raba kwanon albarka ga mutum huɗu kamar kullum.

Bara, ana saura kamar mako biyar ruwa ya sauka, Mma Ashetu ta aiko a ce in je. Na same ta da hantsi a gindin katangar. Yawancin gwangwanayen da aka fesa sun bushe ƙurmus. Amma a gefe guda ta ware wasu, kore shar, suna kaɗawa. Ƙyalle iri biyar ne a wuyansu. Na gane shuɗiyar shaddar nan take, ni na yanka ta.

Mma Badagomba ce, Hausarta ta kasuwa ce, komai namiji ne a bakinta. Ta nuna mini da moɗa ta ce, “Wannan gonanka ne. Jan murfi bai kashe shi ba. Kore bai kashe shi ba. Na uku kaɗai ya kashe. Ciyawan ya koyi magani, ɗan Alhaji.”

Na ce na sani, ai abin da ya sa nake neman mai ƙarfi ke nan.

Ta ce, “Ba shi na kira ka ba. Dubi huɗun nan.”

Ba ta faɗi sunayensu ba. Ta ce dai gonakin ba a jere suke ba, ɗaya na bakin rafi, ɗaya na can tudu, ruwa ba ya bi daga wannan zuwa wancan. Gonakin da ke tsakaninsu kuma maganin yana ci lafiya. Sai ta tambaye ni mutum nawa nake bai wa kwanon albarka.

Wallahi sai da na nemi wurin zama. Abin da ya fara zuwa raina ba tausayin mutanen nan ba ne, kada in yi wa masu karatu ƙarya. Eka shidan nan ne, da maganar da aka yi wa Alhaji, da fuskar ƙanwata. Nan da nan bakina ya fara neman wanda zai ɗauka mini kayan. Na ce ai kowa ya san shanun Hammawa Bafulatani ke kwana a gonaki bayan girbi, a kashinsu ciyawa ke yawo. Andani maƙwabcina ma ya daɗe yana faɗin haka a ƙauye, har yana cewa a hana Fulani shiga fadamar.

Ta taka a hankali zuwa ƙarshen sahu ta ɗauko gwangwani huɗu masu farin ƙyalle. Ta ce kashin shanun Hammawa ne, ta je har ruga ta ɗebo ta shuka. Ciyawar da ta fito, jan murfi ya kashe ta tas.

“Kada ka sa wa bawan Allah laifi,” in ji ta.

Na ce to ta rufa mini asiri, don darajar Alhaji. Na ce zan daina rabo daga bana, shi ke nan, ba wanda zai sani.

Ta daɗe tana kallona da idon nan mai yana. Ta ce ta yi wa Alhaji bakace shekara talatin, ba ta taɓa ganin ya tauye kwano ba. Ta ce ba za ta kira sunana a gaban kowa ba, wannan ba aikinta ba ne. Amma mutum huɗun nan kowanne yana da kwanona a rumbunsa yanzu haka, yana jiran ruwa ya shuka, kuma dole ta ce wa kowannensu kada ya shuka. Su ba yara ba ne, za su haɗa su gane.

Na yi gardama, ni dai da taurin kai. Na ce ba ta da tabbacin cikin irin yake. Ta ce in kawo tafi ɗaya daga buhun albarka da ya rage a gidana, a tambaye shi. In ya fito da tsabta za ta nemi gafarata a gaban duk wanda na zaɓa.

Kwanakin da suka biyo baya ba na yi wa maƙiyina fatan su. Na ɓata wuyan riga biyu, na ɗinka wa wani hannun hagu a dama. Duk safiya sai in hau babur in bi ta Sakasaka in wuce Gurugu, in tsaya nesa da katangar kamar mai jiran wani. Duk gajimaren da ya taso daga gabas sai gabana ya faɗi, domin ruwan farko na sauka mutanen nan za su watsa iri. A kwana na tara gwangwanin ya cika da tsiro, duk iri ɗaya a idona. Na ce alhamdulillahi, shinkafa ce zalla. Mma ta kama hannuna ta ɗora yatsana a inda ganye ya rabu da kara. Ta ce in ji, shinkafa tana da ɗan gashi da ɗan harshe a wurin. Na ji. Ta matsar da yatsana kan na kusa da shi. Sumul, ba komai. Ta ce wannan sabe ne. Muka bi su ɗaya-ɗaya, na ƙirga goma sha bakwai a tafin iri guda. Wumpini ya fesa musu jan murfi, muka sake jira, ko ɗaya bai kwanta ba.

Ke ce, Mma, kika ce mini in riga maganar isa ƙauye. Ke ce kika ce wanda ya kai kansa da wanda aka kai ba hukuncinsu ɗaya ba. Na ce ba zan iya ba, ƙafata ba za ta ɗauke ni ba. Kika ce to ke za ki je tare da ni, kika sa aka loda gwangwanayen a bayan motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, kika zauna a cikinsu kina tare su da hannu kada su kife, tafiyar awa guda a kan hanyar da ko matashi sai ya yi ciwon baya.

Mai ƙasa na yanzu jikan wanda ya karɓi goron Alhaji ne. Muka durƙusa, na ajiye goro, na faɗi abin da na yi da bakina. Andani yana wurin. Da ya ji sai ya miƙe tsaye, ya ce shekara biyu yana zagin Fulani ashe da hannu biyu ya karɓi masifar, har da godiya. Ya ce sharaɗin da aka yi wa Awudu kowa ya san shi, a cika shi. Ba wanda ya ce ya yi ƙarya, domin bai yi ba. Ni dai kaina na ƙasa, ina kallon tururuwa.

Mma ta nemi izini ta yi magana da yarensu, daga baya aka fassara mini. Ta ce in an kore ni yau, sabe ba za ta bi ni Aboabo ba. Ƴaƴan ciyawar suna kwance a ƙasar, duk wanda aka ba gonar zai fesa abin da na fesa, ya girbi abin da na girba. Ta ce gara a bar gonar a hannun wanda tsoro ya kama, shi ne zai durƙusa ya cire da hannu. Sannan ta ce kwanon albarka ba ni na ƙirƙiro shi ba, kuma duk wanda ke zaune a nan ya taɓa bayarwa bai tambayi irin ba.

Mai ƙasa ya yanke hukunci. Ya ce in bi gida huɗun nan in karɓo kwanukana. Ya ba ni damina ɗaya. Kafin girbi Andani da kansa zai taka gonar daga gabas zuwa yamma, in ya sami sabe ɗaya tak da ta nuna ƴaƴa, in ɗauki fartanyata.

Na bi gidajen. Karɓo kyautar da ka bayar, a wurinmu, ya fi a mare ka a kasuwa zafi. Duk abin da ya rage na irin Alhaji, buhu uku da kwanukan da na karɓo, aka turara shi aka kai inji aka cinye. Ranar da aka dafa na farko na kasa haɗiya. Na ce shi ke nan, abin da tsoho ya yi shekara arba'in yana tattali, ni na kashe shi.

Daminar nan Mma ce ta ja ta. Ruwa ya sauka kowa ya shuka, ta ce ni in jira. Sabe ta tsiro ta rufe gonar, aka bi ta da haron tarakta aka kife ta. Ta sake tsirowa, aka sake bi. Gonakin maƙwabta sun yi kore har gwiwa, tawa jar ƙasa, ina ta lissafin ko ruwan zai kai ni. Sai a mako na huɗu na shuka tataccen iri da Malam Issah na ofishin gona ya samo mini, a layi, don a iya bi tsakani. Shi ne ya karanta mini ƙananan rubutun da ke jikin kwalabe biyun nan, ya ce jan murfi da koren tambari abu ɗaya ne a ciki, riga kawai aka canja. Ya yi mamaki da ya ji tsohuwa ta riga shi sani da gwangwanin tumatir. Na ce to in sayi na ukun da yawa. Mma ta ce sau ɗaya zan fesa shi, baɗi kuma in nemi wata hanya, in ba haka ba shi ma ciyawar za ta koye shi, sannan in je in nemo na huɗu a ina?

Sauran aikin na hannu ne. Ta tara matan shiƙa guda tara, ta shiga gaba. Ni da ƙanwata da manyan ƴaƴanta muna biye. Tsohuwar da ba ta gane fuskar mutum daga taku goma, ita ce ke sunkuye cikin ruwa har idon sawu, tana shafa wuyan kowane tsiro tana tuge mai santsi. Sau huɗu muka bi eka shidan nan. Abin da muka cire ba ta bari a zubar a kan kunya ba, a buhu ake fitar da shi a ƙone. Da aka zo maganar kombain, injin girbi, ta ce ba zai shiga ba sai an wanke cikinsa a gabanta.

Ranar da Andani ya zo, mai ƙasa ya turo dattawa biyu. Andani ya naɗe wando ya shiga. Ba sauri yake ba, kowane layi sai ya buɗa da sanda. Muna tsaye a kan kunya. Ƙanwata tana ta jan carbi. Ya gama eka biyar. A lungun gabas, inda abin ya faro, ya tsaya ya sunkuya, ya ɗago da ita a hannu. Sabe ce, ta fitar da kai.

Mma ta ce a miƙo mata. Ta murza kan a tafinta, ta danna da farce, ta kai baki ta tauna. Ta miƙa wa dattawan ta ce su ma su danna. Fanko ne, fure ne kawai, bai yi ido ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce da an ƙara mako guda da magana ta canja. Andani ya jefa ta a buhun ƙonawa da kansa, ya ce mini, “Baɗi ma zan zo.” Haka mai ƙasa ya tabbatar, kowace shekara sai an taka gonar har sai sabe ta ƙare a ƙasar. Mma ta ce hakan zai ɗauki shekaru. Don haka har yau gonar Alhaji aron damina ɗaya-ɗaya ce a hannuna, kuma wadda ta tsaya mini ga shi ido ya gaza mata. Wannan ne abin da ke hana ni sukuni, kuma ba ni kaɗai ya kamata ya hana ba. Bana gonaki uku da ba su taɓa karɓar kwanona ba sun tsaya kore a gwangwaninta.

Makon jiya na je gaishe ta. Na same ta zaune a tabarma, ta gane ni da murya. Ta laluba ƙarƙashin zaninta ta ciro ƙulli a shuɗiyar shadda ta ɗora mini a hannu. Na kwance. Hancina ya riga idona gane irin Alhaji.

Ashe ranar da na kawo tafin iri a gwada, rabi ta shuka. Sauran ta zauna ta tsince shi ƙwaya-ƙwaya, da yatsa, tunda ido ba ya yi. Da damina, tana dawowa daga gonata da ciwon baya, ta shuka shi a tsofaffin bahon wanki uku a bayan ɗakinta, tana korar kaji. Ta girbe, ta sake tsincewa, ta shuka ƙwaya ɗari a gwangwani ta tambaye su. Ba sabe ko ɗaya. Bai fi cikin kwano guda ba.

“Irin Alhaji bai yi laifi ba,” in ji ta. “Ba a wanke shi ba ne kawai. Kada ka ba kowa sai ya shiga gwangwani.”

Ni mai jikoki, na zauna a gaban tsohuwa ina kuka kamar an yi mini mutuwa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce in tashi in ɗauki moɗa, rana tana yi.

Mma Ashetu, faifai mai raba tsaba da ƙaiƙayi, ke ce kika riƙe maganar da aka yi a gonar gwamnati tun muna sabuwar ƙasa, masu digiri suka manta ke ba ki manta ba. Ke ce kika wanke Hammawa bai ma san an shafa masa ba. Kin hana ni ƙarya a ranar da na fi bukatarta, kika kuma tsaya kusa da ni har na gama faɗin gaskiya. Na gode. Ƙanwata ta gode, marayunta sun gode. Allah ya buɗe miki idon nan, ya sa aikin da za a yi miki a asibiti ya yi kyau, ya saka miki da abin da mu ba mu iya ba.

Ku kuma manoman Tamale da kewaye, ba kuɗi ake bukata ba. Gwangwanin tumatir ne da ake zubarwa a bola, da ƙyalle, da moɗar ruwa, da haƙurin mako uku. Ƙyalle ku zo shagona ku ɗiba kyauta. Mata masu shiƙa, tana nan zaune a Gurugu, yatsunta ba su makance ba, ku je ta ɗora naku a wuyan tsiro ta koya muku tun da sauran lokaci. Duk mai shirin ƙara murfi a tanki bana, ya fara tambayar ciyawarsa a gida.

Yanzu ni ke ɗauko jarka daga Aboabo kowace safiya in bi sahun gwangwanayen, ita tana zaune tana gaya mini wanda na cika wa ruwa daga jin ƙarar zubarsa. Shekaranjiya wasu masu babur suka rage gudu, ɗaya ya ce wa ɗaya tela ma ya kamu. Na ɗago zan mayar musu, don bakina bai mutu ba. Mma ta ce, “Ɗan Alhaji, bar su. Saura sahu biyu.”